Hannun da Ke Cikin Hoto na Tara

Shekara guda bayan an ba mu jiharmu aka jawo wa maigidana wayar tarho har falo, saboda aikinsa na gwamnati. Baƙa ce, mai nauyi, da yatsa ake juya lambobinta. A layinmu kaf a Gusau gida biyu ne ke da ita. Ni kuwa tun ranar da aka girke ta nake zagaya ta da ido, don ban taɓa iya ganin abu yana zaune a banza ba.

Sana'ar da na hango ita ce kayan gara, wato alkaki da dublan da nakiya da ake kai wa amarya. Matsala ɗaya ce, ban iya ba. Alkakina in aka jefi kare da shi sai ya yi ƙara. Wadda ta iya ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ke Wonaka. Mijinta ya rasu, ba ta haihu ba, kuma duk ƙauyen ba wanda zai sayi ko ƙuli-ƙuli a hannunta. Tana da albaras, farin nan da ke fitowa a fata, ya cinye mata bayan hannuwa duka biyu. Mutanen garin suka ce kuturta ce. A gabana likita ya faɗa cewa ba kuturta ba ce, ba a kuma ɗauka. Na sani sarai, kada wani ya nema mini uzuri.

Na je na ɗauko ta, na ba ta ɗakin baya kusa da madafa. Ta yi kwana uku tana aiki, na kira mai hoto, muka shimfiɗa farin zane a tsakar gida, ya ɗauki kowane faranti. Na haɗa albam biyu, hoto takwas-takwas, kowane hoto da lambarsa, lambar wayarmu kuma a bango. Ɗaya na ba wani direban Tsafe yana nuna wa matan da ya sani, ɗaya na aje wajen wata mai kitso a Bungudu. Mace ta duba, ta nemi inda waya take ta bugo ta ce, "Hajiya, lamba ta huɗu nake so." Mu ɗaure kwali, direba ya kai. Ba ta gan mu ba, ba mu gan ta ba.

Da aka wanko hotunan, tara suka zo. A na taran mai hoto ya yi gaggawa, ya ɗauka daidai lokacin da Gwaggo ta miƙo hannu tana gyara zaman alkaki. Hannun ya fito ƙarara, fari da baƙi. Na cire shi na jefa a aljihun teburin da wayar ke kai. Ban nuna mata ba.

Kai, ciniki ya buɗe! Mata su bugo suna cewa, "Hajiya, hannunki akwai albarka." Ni kuwa in gyara murya in ce, "Yin Allah ne." Doka ɗaya na kafa, in baƙuwa ta yi sallama, Gwaggo ta shige ɗaki. Ba ta taɓa musu ba. Amma da zarar waya ta yi ƙara sai in ga ƙafafunta a ƙarƙashin labule. Ina ajewa za ta leƙo.

"Mi suka ce, ɗiyata?"

"Sun ce zuma ta yi yawa."

Ƙarya nake yi. Tsoro nake ji kada ta san darajarta. Sai ta ce to, ta koma madafa ta rage zuma, a sake yabawa, in sake nemo wani aibin.

Wata Laraba na tafi suna. Da na dawo na tarar da ita a falo, zaune a ƙasa kusa da teburin waya, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Ashe waya ta yi ta ƙara har ta gaji da ji, ta ɗaga. Wata Hajiya ce daga Tsafe, babbar mai sayenmu, matar wani mai sayar da hatsi, wadda ke da waya a gida. Ta ɗauka ni ce, ta fara zuba yabo. Gwaggo ta ce mata, "Ni ce mai yi."

"Mun daɗe muna magana," in ji Gwaggo. "Ta tambaye ni kwana nawa nike barin alkama ta yi tsami. Ta ce tun rasuwar kakarta ba ta ci irin nawa ba. Ba ta ce zuma ta yi yawa ba, ɗiyata."

Ba da zargi ta faɗa ba, da murna ta faɗa, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Sannan ta ƙara da cewa Hajiyar za ta aurar da 'yarta bayan Sallah, ta kuma ce ita Gwaggo take so ta yi garar da kanta, da sunanta. In ya yi kyau za ta haɗa ta da ƙawayenta. Gwaggo har ta gama shiri a ranta. Za ta koma ɗakinta a Wonaka, ta riƙa aikawa ta hannun direba.

"Ban san ana iya saida abu ba tare da an ga mutum ba," ta ce, tana kallon wayar. "Ke kika nuna mini."

Na ce Allah ya sanya alheri. A cikina kuwa wuta ce. Ni na ɗauko ta daga inda ake kauce mata a hanya, ni na biya mai hoto, wayata, sunana, yau kuma za ta ɗauke mini babbar mai saye da kira ɗaya? Haka na yi ta faɗa wa kaina har na yarda ni aka zalunta.

Gwaggo ta yi na ɗanɗano kwali guda don Hajiya ta gani kafin biki. Ban taɓa ganin ta yi alkaki irin wannan ba. Ta jera shi da kanta, ta rufe da takarda, ta ɗaure da igiya har sau biyu. Ni na karɓi kwalin na kai tasha. A can na ce wa direba ya ba ni albam zan ƙara sabon kaya. Na zaro hoto na tara, wanda na ɗauko daga aljihun tebur, na saka a shafin ƙarshe, na rubuta a ƙasansa, "Mai yi." Na ce masa ya tabbata Hajiya ta duba kafin ta buɗe kwali.

Washegari da hantsi waya ta yi ƙara. Ihun Hajiya ko daga madafa ana ji.

"Na ga hannunta a hoto! Kuturwa kika sa tana yi mana abinci? Shekara guda muna ci, muna ba 'ya'yanmu?"

A nan ne na gane wautata. Ni na ɗauka za ta fasa da Gwaggo ta dawo gare ni. Ko sau ɗaya ban tsaya na tuna cewa duk abin da na taɓa sayar mata hannun nan ne ya yi shi ba. Haushi ya rufe mini ido har na kasa ganin abin da ɗan yaye zai gani.

Kalma ɗaya ce za ta iya gyarawa. In ce, "Hajiya, albaras ne, likita ya duba." Tana bakina. Na ga ƙafafun Gwaggo a ƙarƙashin labule. Sai na ji kaina ina cewa, "Wallahi Hajiya ni ma ban sani ba. Ɓoye mini ta yi. Yau ɗin nan za ta bar mini gida."

Hajiya ta kife waya. Ƙafafun ba su motsa ba.

Da la'asar direba ya kawo kwalin, igiyarsa yadda Gwaggo ta ɗaure. Bai miƙo mini ba, a ƙofa ya dire shi, ya jefa albam a kai, ya goge hannu a rigarsa. Kafin mako ya zagayo magana ta kai Bungudu, mai kitso ta aiko mini da nata albam ɗin a cikin leda. Daga nan wayar ta koma ta maigida kawai.

Amma Gwaggo ba ta jira wannan ba. Washegarin dawo da kwalin, da safe na fito na ga ta ɗaure kayanta. Ta wanke kofin da take shan ruwa, ta kife shi can gefe, nesa da namu, abin da ba ta taɓa yi ba a gidana. Na tsaya ina jiran ta zage ni ko ta yi mini Allah ya isa. Wallahi da na fi son haka.

"Ba ni hoton in gani," ta ce.

Na buɗe shafin ƙarshe na miƙa mata. Ashe tunda take ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba, wannan hannun shi ne na farko. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta daɗe tana kallo. Sai ta ɗora babban yatsanta ta rufe hannun, alkakin ya rage shi kaɗai a kan farin zane.

"Wannan ya fi sauran takwas ɗin fitowa," ta ce. "Da almakashi kika sa kika yanke nan, ɗiyata, da ya kawo miki ciniki."

Ta mayar mini da albam ɗin, ta ɗora ƙunshinta a ka. Kwalin kuma ta ce in ba wa yara, idan ba na ƙyama.