Ranar da Aka Zo Yi wa Anti Adwoa Godiya

Anti Adwoa tana aiki a kicin ɗin wata makaranta a Bronx, inda nake taimaka wa malamar aji uku. Wurinta ƙarshen layi ne, gefen kwamfuta. Yaro zai ɗauko tirensa, ya danna lambarsa, ta duba, ya wuce. Sunanta na yanka Hawa'u, amma da yake ranar Litinin aka haife ta a Zangon Kumasi, maƙwabta Asante suka sa mata Adwoa, sunan ya biyo ta har Amurka. Gidanmu ɗaya a Tremont, tana hawa na biyu, mu muna na huɗu.

A shekarar 2016 albashinta ne ke riƙe da gidan. Mijinta Sheriff direban tasi ne, kuma tun da motocin da ake kira ta waya suka cika gari, wata rana abin da zai samo bai wuce kuɗin hayar mota da na mai ba. Ga 'ya'ya uku, ga tsohuwa a Kumasi tana jiran aike.

Kamfanin da ke dafa wa makarantar abinci yana da doka. Yaron da bashin abinci ya taru wa iyayensa, in ya danna lamba kwamfuta za ta yi ja. Sai a karɓe tiren, a juye a kwandon shara tun da doka ta hana a ba wani, a miƙa masa burodi da cuku mai sanyi. A farkon shekarar an sallami wata ma'aikaciya saboda ta ƙyale yara sun wuce. Kowa a kicin ya san da wannan.

Ni da ke tsayawa bayan 'yan ajinmu na ga abin da Anti Adwoa ke yi. In ja ya fito, sai ta karkata kafaɗa ta tare fuskar kwamfutar, ta ce "Wuce" ba tare da leɓenta ya motsa ba. Ban taɓa yi mata zancen ba. Cikin masu wucewa haka har da Salima, 'yar ajinmu, ɗiyar Malam Issoufou, mutumin Maraɗi mai sayar da jakunkuna a Canal Street, wanda kasuwa ta juya wa baya a lokacin.

Wata Laraba ana tsakiyar rabon abinci, na hango maza uku sun shigo zauren cikin manyan riguna. Malam Issoufou ne a gaba, da turmin atamfa a hannu. Na biyu yana riƙe da ƙullin goro. Na uku Boubacar ne, wanda 'yan Nijar na unguwarmu ke ɗauka in za a je inda ake Turanci. Daga baya na ji cewa Salima ce ta gaya wa babanta Anti Adwoa ce ke ciyar da ita, shi kuwa ya ga kunya ce ya zauna bai zo godiya ba. Kuma a wurinsu, in za a gode wa ma'aikaci, sai a gaban ubangidansa.

Manaja, wata doguwar Baturiya da ba ta cika magana ba, tana tsaye bakin ƙofar kicin.

"Salamu alaikum, Hajiya," in ji Malam Issoufou da fara'arsa. "Ina gajiya? Mun taho ne da godiya. Abin da kike yi wa ɗiyata, Allah kaɗai zai biya ki."

Na ga hannun Anti Adwoa ya kama gefen teburi. "Malam, don Allah ku bari. Ku tafi, ma yi magana a gida."

"Kun ji ko?" Ya juya ga abokansa yana murmushi. "Haka mutanen kirki suke, ba su son a faɗa. Ina uwargijiyar taki? Waccan ce?"

"Malam, kora ta za a yi. Wallahi kora ta za a yi."

Mai goro ya yi dariya. "Haba Hajiya! Wa ke korar mutum don ya ba yaro abinci? Ƙarin girma dai."

Layi ya tsaya. Yara sun yi cirko-cirko da tire a hannu. Manaja ta taho a hankali tana goge hannu, ta tambaya ko akwai matsala. Boubacar ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya fara da gaisuwa cikin Turancinsa mai ƙamshin Faransanci. Ya ce sun zo ne a kan wannan baiwar Allah da ke tsaye a nan, da kuma abincin yarinyarsu.

Ni dai na kasa motsi. Jimla ɗaya ta rage asirin Anti Adwoa ya tonu.

Anti Adwoa ta katse shi. Da Turanci, da ƙarfi, ta ce wa manaja mutumin nan bashi ake bin sa, ya zo da kyauta ne don a ɗaga masa ƙafa, ita kuwa ba ta karɓa. Sannan ta dubi Malam Issoufou cikin ido, ta koma Hausa.

"Kana da kuɗin atamfa, ba ka da kuɗin abincin 'yarka? Kwashe kayanka. Ka je ofis ka biya, kamar yadda kowane uba ke yi."

Boubacar ya buɗe baki, Malam Issoufou ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon ta. Ya sauya wa atamfar hannu, ya ce, "To. Mun ji." Suka juya. Salima tana zaune a teburin ajinmu, cokali a hannu, ta ga komai.

Manaja ta ce wa Anti Adwoa ta yi daidai, amma ranar ba ta koma kicin ba. Ta tsaya gefen kwamfuta har aka gama. Yara biyu suka yi ja. Anti Adwoa ta karɓe tirensu da hannunta ta juye a shara.

Kafin mako ya zagayo Malam Issoufou ya biya bashin duka. Matan masallaci sun ce rabin jakunkunansa ya karyar wa wani ɗan kasuwa. Sun kuma ce Anti Adwoa ta ci mutuncin dattijo a bainar jama'a, har wasu suka daina zama kusa da ita ranar Juma'a.

Wata safiya a tashar bas na yi ƙarfin hali na ce, "Anti, da kin je kin yi masa bayani."

Ta gyara jakarta a kafaɗa. "In ya gane, ba zai zauna ba. Zai koma makaranta ya wanke ni a gaban manaja, ya ce ƙarya na yi don in rufa masa asiri. Bar shi da fushinsa, 'yata."

Ba a kore ta ba. Ta ci gaba da tsayuwa a ƙarshen layi, kuma in manaja ta ba da baya, kafaɗar nan tana karkata. Malam Issoufou kuwa, in sun haɗu a ƙofar masallaci ta gaishe shi, yakan amsa sallamar kawai don wajibi ce, ya kau da kai.