Iccen Wankan Jego

Ina cikin jegon ɗiyata aka ce mai bincike za ta zo ƙauyenmu, can gaba da Bauranya. Ƙungiyar nan mai dashen itatuwa, wadda ta raba mana murhun ƙarfe mai cin icce kaɗan, ta gaya wa masu tallafa mata cewa hayaƙin gidajenmu ya ragu ƙwarai, ta kuma yi alkawarin zai ci gaba da raguwa. Su ne suka aiko a duba ko haka ne.

Ni dai murhun nake ji. Babban ɗana yana da ciwon ƙirji, hayaƙi kaɗan sai numfashinsa ya riƙa fito, kuma tunda na koma girki a kan na ƙarfen ya sami sauƙi. Ga mata a bakin rijiya suna cewa duk gidan da aka tarar da wutar duwatsu za a karɓe nasa.

Mu kuwa wutar duwatsu safe da yamma. A rabin duro ake dafa ruwan wankan jego, da ganyen bedi, wato darbejiya, sai ya tafasa yana tsalle, murhun ƙarfe ba zai ɗauki wannan ba. Idan za a hura sai in tura ɗan nawa gidan maƙwabta. Iccen ma daban mijina ya tara shi a bayan rumbu tun ciki bai tsufa ba.

Motar ƙungiyar ce ta fara isowa, ta tsaya gindin tsamiya ba a kashe ta ba, direba na ciki yana shan sanyi. Ita mai binciken ɗan acaba ta hau daga Kankia. Dattijuwa ce, ƙafafunta duk ƙura, da sikeli irin na masu auna auduga. Ta ce a fito mata da iccen girki na wuni guda. Uwar mijina ta kawo ɗan ƙulli, aka auna, mai binciken ta ce madalla.

Har ta miƙe, sai jaririyar ta yi kuka. Ta dube ni, ta dubi wuyana da ruwan zafi ya saɓule, ta koma ta zauna.

"Mai jego, ruwan naki da mi ake dafa shi?"

Uwar mijina ta riga ni. "Hajiya, girki kika ce. Wa ke cin ruwan wanka?"

Ta yi 'yar dariyar gajiya. "Gaskiyarki, Inna, ni na yi tambayar ba daidai ba. Amma hayaƙin duk sama yake tafiya."

Ba ƙarya Inna ta yi ba, a wurinmu iccen jego ba a haɗa shi da na tuwo ko a baki. Na kai mai binciken bayan rumbu, inda muke hura wutar. Ta daɗe tana kallon tokar. Ta ce masu lissafin hayaƙin ba su sa jego ba, ba su sa suyar ƙuliƙuli ba, ko man motar da ke ci a waje ba ta ga sun sa ba. Na tambaye ta ko za a karɓe mini murhu. Ta ce ita ba ta bayarwa ba ta karɓa, abin da ta gani za ta faɗa, kuma za ta faɗa cewa murhun yana amfanar yaron.

Ba wanda ya zo karɓa. Sai dai motar ma ba ta sake zuwa ba, haka mai gyaran murhun da kan biyo ta. Ban san ko maganarmu ce ta jawo ba, ba wanda ya gaya mana. Da damina yumɓun cikin murhun ya tsage. Nakan liƙe shi da laka da kashin jaki, ya ɗan riƙe, ya sake buɗewa ta wani gefen. Haka nake girki har yanzu, hannu a kan muciya, kunne a kan ƙirjin yaron.