Saiwar da Hajiya ta nema

Shekarar da surukata ta zo Alƙahira neman maganin gwiwa, muna zaune a unguwar Madinat Nasr, a wani ɗan gida can saman bene. Maigidana, ɗanta na fari, yana digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna. Likitoci suka duba ta, suka rubuta ƙwayoyi da gashin ƙafa. Hajiya ta juya ƙwayar a tafin hannunta, ta ce wannan ko kaza ba za ta ji shi ba. A wurinta, maganin da bai sa mutum ya yamutsa fuska ba alewa ne.

Tsautsayi ya sa wata rana ta hango hoton wani fure a kwamfutarsa, shuɗi mai duhu, ya rusuna kamar hular alkyabba. Ta tambaya. Shi kuwa mutumin nan, in aka taɓo bincikensa ko abinci mantawa yake yi. Ya ce tsiro ne da ba ya fitowa sai a kan duwatsu masu sanyi can wajen Indiya, kuma irin wanda yake aiki a kansa ya yi ƙaranci ƙwarai. Larabawa na kiran danginsa mai shaƙe kyarkeci. Dafin ya fi taruwa a saiwa: ɗan kaɗan ya isa ya kashe harshe, jiki ya ɗauki yam-yam kamar tururuwa na bin sa, bugun zuciya ya rikice. Da ya tsaya nan da mun zauna lafiya. Sai ya ƙara da cewa mutanen can suna dafa ta har dafin ya ragu, su yi maganin ciwon gaɓoɓi da ita.

Shi ke nan. Duk bayanin da ya yi don ya tsorata ta, talla ya zama. Ya ce tana kisa, ta ce ai shi ne magani. Ya ce a kulle take a jami'a, ta ce dama abu mai kyau ake kullewa. Daga nan ta daina amsa gaisuwarsa yadda ta saba, tana gaya wa ’yan uwa a waya cewa ta haifi mai magani amma ya fi son Misrawa su amfana da shi. Ya rame a tsaye. Ni kuwa, gaskiya, haushinta nake ji, ina kuma dariyarta a kicin.

Ni na kawo dabara: a ba ta wata saiwa daban, a ce mata ita ce. Na hau ƙaramar bas zuwa shagon wani mai sayar da saiwoyi, na nemi abu mafi ɗaci da ba ya cutarwa. Ya ba ni wata baƙar saiwa da suke sha don buɗe ciki, yana ta ce mini ma'alish, wato a yi haƙuri, tun kafin a ɗanɗana. Muka dafa ta, maigidan ya kai mata rabin kofi da fuskar wanda aka fi ƙarfinsa, ya fice don kada dariya ta tona shi.

Na koma ɗakin ɗauko tire, na tarar ba ta sha ba. Ta yi alwala, ta sauya tufafi, ta lallaɓa ta fuskanci alƙibla, kofin na gabanta. Ta yi kalmar shahada a hankali. Sannan ta dube ni.

"’Yar nan, zauna. Ciwon nan ya kai inda ko yaya ta kasance na yarda. Amma in wani abu ya faru, kada ki bari a ce shi ya ba ni. Ki ce ni na ɗauka da hannuna, bai sani ba."

Na ce to, Hajiya. Ta ɗaga kofin ta shanye tas, ta zauna tana jira. Na zauna kusa da ita, na jawo ƙafar na ɗora a cinyata ina matsa mata, kuma sai a ranar na ga yadda gwiwar ta kumbura.