Mai Agogo da Idon da Ya Ƙi Kallon Ƙasa

Duk unguwa Mai Agogo ake ce masa, har matarsa haka take kiransa in tsokana ta motsa mata. Tun yana saurayi yake zaune a wani ɗan shagon gyaran agogo mai faɗin tabarma, gilashi a ido ɗaya, kai a sunkuye, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Mutum ne mai tsabta da rowar magana. Da sunkuyon nan ya rufa wa gidansa asiri.

Da faɗuwa ciwon nasa ya fara, kullum ta baya, kamar an janye masa kujera. Sai jiki ya sandare, tafiya ta yi nauyi. Likitan farko ya ce Fakinsan ce, cutar nan mai sa karkarwa, ko da yake shi hannunsa bai taɓa rawa ba. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce in ya dage zai iya komawa teburinsa. Wannan maganar matar ta riƙe hannu bibbiyu.

Ita ke ɗaga shi, ita ke goge masa riga, don abinci yanzu rabi a baki rabi a cinya. Bayanta ya gaji, ranta ma ya gaji. Amma in likita ya ce, "Ya jiki?" sai shi ya ce, "Da sauƙi," ita ma ta taya shi. To, wa zai dubi idon mai ba shi magani ya ce maganinsa bai yi ba? Sai likita ya ƙara ƙwaya, su dawo gida jiya i yau.

Da ya fasa ƙeya a banɗaki aka tura su wurin wata likitar ƙwaƙwalwa. Ta ɗaga biro. "Baba, bi shi da ido, kar ka motsa kai." Hagu, dama, ido ya bi. Ta yi ƙasa da shi, ido ya tsaya cak.

Likitar ta juya ga matar. "Mama, tsakaninki da Allah, maganin nan ya taɓa yi masa aiki?"

Matar ta dubi mijinta, ta sauke numfashi. "'Yata, ko sau ɗaya. Kunya ce ta hana mu faɗa."

Likitar ta ce ba Fakinsan ba ce, wata ce mai kama da ita. Faɗuwa ta baya, ƙin jin magani da idon da ba ya sauka, su ke bambanta su. Ba ta warkewa, sai dai lallaɓawa, a riƙa ɗaga masa kwano, a kiyaye kada ya shaƙe.

Da suka koma gida ta zaunar da shi, ta miƙa wa babban ɗansu makullin shago.

"Buɗe durowa, ka mayar wa kowa agogonsa."

"In sun ce yaushe zai gyara fa, Umma?"

Mai Agogo na jin su, idonsa a kan bango. Matar ta juya ga ɗan.

"Ka ce su kai wani wurin."