Gangar da Ta Ƙi Magana a Cikin Aji

Mun tashi daga Gazawa ana idar da sallar asuba, mu uku, dukanmu 'yan ƙungiyar malaman kiɗa da waƙa ta jihar Maraɗi. I, akwai irin wannan ƙungiya, na san wasunku har sun fara murmushi. Mun saba. Wani baffana har gobe "maroƙin gwamnati" yake ce mini. Amma shekara ashirin ina wannan aiki a lakol, wato makarantar boko, na ga abin da yake yi wa yaro. Mai rawar kai yakan koyi jiran lokacinsa, yarinyar da ba ta iya buɗe baki a aji takan sami murya a cikin amshi, lissafin da ya ƙi zama a kai kuma yakan zauna in an rera shi.

Abin da ya fitar da mu shi ne labarin wani tsoho a wani ƙauye bayan Cadakori, makaɗin gangar noma, shi kaɗai ya rage. Kowane gidan manoma a garin yana da takensa, wato kiɗan da ake yi wa mai gidan in ya duƙa noma, kuma duk suna cikin kan tsohon nan. 'Ya'yansa sun tafi ci-rani sun zauna can, hannunsa ya fara rawa. In ya tafi bai koya wa kowa ba, shi ke nan. Abin da ban gaya wa abokan tafiyata ba, a ƙauyen nan aka haife ni. Ina ɗan shekara takwas mahaifina ya rasu, kawuna ya kwaso mu zuwa Gazawa. Tun daga nan ban sake jin takensa ba, har na manta yadda yake tashi.

Ruwa ya sauka da wuri bana, gero ya kai idon sawu, ko'ina kore shar. A Agiye direba ya tsaya cika mota, ya cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, ni aka ba ni akuya ta jingina da gwiwata har Cadawa. Can muka sayi soyayyar aya, ƙulli dala biyar. Malamar da ke cikinmu, wadda ke koyar da waƙa, ta tsaya ciniki kamar saniya za ta saya, har mai ayar ta ƙara mata ƙulli ɗaya don a rabu lafiya. Bayan Maraɗi wani jandarma ya duba takardarmu, ya dube mu, ya ce, "Malaman kiɗa? To ina gangar?" Na ce ita za mu nema.

A Gidan Rumji muka kwana gidan wani ɗan ƙungiyarmu. Matarsa ta dama mana fura da nonon da ko cokali ka kafa sai ya tsaya. Da safe muka hau kabu-kabu muka yanki hanyar yashi, mai babur ɗina yana ba ni labarin farashin taki, ni kuwa ina neman tsamiyar da na sani a bakin garinmu. Tana nan, sai dai ta yi mini ƙanƙanta.

Direktan lakol ɗin garin ya yi mana shiri na a zo a gani. An share aji, an jera yara a benci, an shimfiɗa wa tsohon tabarma a gaban allo. Mu ma muka fito da kayanmu: ni da kaye da bik na rubutu, abokina, na ukunmu, da waya a shirye don ɗaukar sauti. Baba Makaɗa ya shigo a hankali, ganga a rataye, muka gaisa. Ya zauna, ya ɗora makaɗi a cinya, bai taɓa gangar ba.

Muka jira, muka ƙara jira. Abokina ya raɗa mini cewa tsohon yana ƙyashin ba bare gadon gidansu. Direkta ya ce ƙila hannun ne. Ni dai na ga mun zo a banza, kuma na ga taken mahaifina zai bi tsohon nan kabari ina kallo. Malama ce ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ko mun yi wani kuskure ne?"

Ya ce, "Ɗiyata, wa zan yi ma take nan? Benci? Gangar ga bayan mutum take kallo. In hauya ba ta sauka ba, ni ban san inda zan sa hannu ba."

Kunya ta kama mu. Malaman kiɗa uku, da takardun shaida, babu wanda ya yi tunanin cewa gangar noma gona take so.

Bayan lakol akwai gonar wata tsohuwa da ciyawa ta fara fin ƙarfinta. Kafin ka ce kwabo yara sun watsu gidajensu sun dawo da hauyoyi, aka jera su kunya-kunya. Baba ya tsaya a bayansu, ya bari sun fara, kowa da nasa hargitsin. Sannan ya saki kiɗa a hankali. Wallahi ba a yi kunya biyu ba sai ga hauyoyin nan suna sauka tare kamar hannu ɗaya. Direkta ya riƙe baki, ya ce waɗannan yaran ko layin shiga aji bai taɓa samun su sun daidaita ba. Hannun da ke rawa kuwa, da ya hau fata babu rawa ko kaɗan. Can sai ya fara kiransu ɗaya-ɗaya, ya miƙa makaɗi ya ce, "Kada ki dubi ganga, dubi bayan ɗan'uwanki."

Na kasa tsayawa. Na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na karɓi hauya na kama kunyar gefe. Ni bahago ne kamar mahaifina, kuma rabona da noma an daɗe. Ban yi nisa ba na ji kiɗan ya tsaya. Sannan ya dawo da wani salo daban, mai ɗan jinkiri, kamar yana jiran hannun hagu. Jikina ya gane shi kafin kaina ya gane. Na ji muryar tsohon a bayana yana cewa, "Bahago, ciyawa ba ta kwana gonarka. Bayan ga na san shi. Ɗan Tanko na."

Ban ɗago ba. Na ci gaba da noma ina kuka, hawaye na zuba a ƙasa, yara suna tsammanin zufa ce. Da na kai bakin gona ya dafa kafaɗata ya ce tun shigowata aji yake zargi, amma fuska takan yi ƙarya, shi bayan mutum ya yarda da shi. Ya ce shekara arba'in ke nan bai kaɗa taken nan ba, don babu wanda zai yi wa.

Kafin mu taso an shirya magana: kowace Laraba da yamma zai koyar da yara, a gona. Malama ta ce, in rani ya zo fa? Ya ce ai akwai sassabe. Wayar abokina ta ɗauki sauti, amma rabinsa ƙarar hauya ne, kuma mun yarda haka ya kamata ya zama.

A hanyar dawowa na sauka a Cadawa na sayi hauya. Mun iso Gazawa bayan la'asar, tafin hannuna duk ya yi bororo, uwargida tana shafa mini man kaɗanya tana tambaya ko ƙungiyar tamu ta koma ta manoma ce. Shekara ashirin ina gaya wa iyaye cewa darasin kiɗa yana koya wa yaro saurare, ashe ni ma ban gama koyo ba. Akwai ɗan fili a bayan gidana da na daɗe da bari. Jiya na kira babban ɗana, shi ma bahago ne, na ba shi hauya, na tsaya a bayansa ina tafa masa taken kakansa.