Telan da Na Kama da Atamfa

Shekarun baya, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Titin Bauchi, aka ɗora mini bin sawun waɗanda gwaji ya nuna suna da ciwon hanta nau'in C. Duk wata sai na kai rahoton wanda ya fara magani, wanda ya gama, da wanda ya ɓace.

Akwai wani tela a Anguwan Rogo da ya karɓi sakamakonsa ya yi ɓatan dabo. Maganinsa na ajiye, ciwon kuma na cin hantarsa a ɓoye. Sau uku ina zuwa shagonsa da farar riga da jakar asibiti, ina taƙama sai ka ce babbar likita. Tun daga bakin layi maƙwabta ke hango ni. Kafin in sauka daga keke an rufa masa asiri: "Ai oga ya shiga kasuwa." Ga takalminsa kuwa a bakin ƙofa.

Da na ba mahaifiyata labari, ta yi mini dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Ke dai boko ya cuce ki. Wa ke zuwa wurin tela hannu rabbana?"

Washegari na yafa mayafi, na rungumi atamfa. Sai ga mutumina ya fito da fara'a, tef ɗin awo a wuya. Na bari ya warware atamfar, sannan na rage murya na ce, "Malam, daga asibiti nake."

Ya ajiye atamfar. Ya ce, "Hajiya, yayana ma ciwon hanta ne ajalinsa. Ki bar ni in jira lokacina."

Na ce, "Irin naka ana warkewa. Ƙwaya ɗaya kullum, wata uku."

Ya ce, "To, gobe zan zo."

Na ce, "Goben tela? Sa takalminka mu tafi."

Ya sha maganin tsaf. Da aka sake gwaji bayan watanni, babu ƙwayar cutar. Yana dariya yana share hawaye, ya gaya mini ashe tuni ya yanka likkafaninsa ya ɓoye a shago. Ranar ya kai shi masallaci sadaka.

Har yau in na tuna, raina fari yake yi. Na daina kiran masu gudun asibiti masu taurin kai, don da yawansu ba wanda ya taɓa gaya musu za su rayu. Bara ya aurar da 'yarsa, shi ya ɗinka kayanta da hannunsa, ni kuma na ci shinkafar biki har na kasa tashi.