Kwalbar Yajin Yaya

Duk ranar da na buɗe kwalbar yaji, ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancina, sai in ji tafin hannuna ya yi sanyi kamar har yanzu makullin nan yana ciki. Bari in gaya muku dalili, ko na rage nauyi.

A unguwar Shisha ta Makka na tashi, a hawa na uku, gidan da muryar Kaka ta fi ta kowa. Kakanninmu sun daɗe a Makka, duk muna da takardun 'yan ƙasa, ban da Gwaggo. Ita 'yar ƙanin Kaka ce, ta zo aikin hajji da ƙaramin ciki, mijinta ya rasu a nan, ta ƙi komawa gida. Da ta haihu a ɗaka, Kaka ta yanke hukunci: Baba ya rubuta jaririn a matsayin ɗansa, Mama ce uwa. Ta haka ya samu makaranta da asibiti. Shi ne Yayana. In mu kaɗai ne, Inna yake kiran Gwaggo. Da baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, sai ta koma mai aikinmu, ta ɗauki tire.

Yaya ba ya cin abinci ba yaji. Ko kabsa, dafa-dukan Larabawa, aka dafa sai ya barbaɗa, Kaka tana faɗa wai yana kunyata ta gaban Larabawa. Gwaggo ke daka masa da hantsi a saman bene, ta shimfiɗa tsumma ƙarƙashin turmi don kada maƙwabta su yi ƙorafi. Ni kuwa ina gefe ina atishawa, tana min dariya.

Da ya gama sakandare ya shiga soja. Ranar da ya fara shigowa da kaki, Kaka ta rangaɗa guɗa, ta ce yanzu wa zai sake kallonmu a matsayin baƙi. Gwaggo ta shafa hannun rigar, ta ce a hankali, "Da na san inda takardar nan za ta kai shi..."

"Rufe mana baki," in ji Kaka. "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

Aka tura shi iyakar kudu, inda ake yaƙi. Sau biyu ya zo hutu, kowane zuwa Gwaggo ta cika masa kwalba. Ina shekara goma sha biyu, cikin tsananin zafi, aka bugo wa Baba waya cewa Yaya ya rasu. An yi masa salla a Harami. Kaka ta hana Gwaggo zuwa, ta ce wurin cike yake da jami'ai.

Rana ta uku, bayan la'asar, Baba ya hawo da sauri ya ce shugaban su Yaya da wani abokin Yayan suna son gaida mahaifiyar mamaci. Kaka ta dubi Gwaggo, wadda kwana uku ba ta sa komai a baki ba. Ta kama hannunta, ta tura ta ɗakin ajiya cikin buhunan shinkafa, ta murɗa makulli, ta danƙa mini.

"Tsaya nan. In kika buɗe ta yi musu ihu, gobe ubanki yana kurkuku."

Na tsaya. Ta can ciki na ji muryar Gwaggo daidai ramin makulli.

"'Yar nan, wallahi ba zan yi kuka ba. Gahawa kawai zan kai musu. So nake in ga fuskar wanda ya gan shi ƙarshe."

Ban buɗe ba. Tsoro nake ji, amma ba zan ɓoye muku ba, har da jin daɗin cewa ni aka amince wa da makulli. Wannan ne abin da na kasa yafe wa kaina.

Daga inda nake ina jin abokin yana magana da Larabci ta bayan labule. Ya ce harsashi ya sami Yaya a ciki, bai cika ba sai da suka sa shi a mota. Ya ce Yaya ya riƙe masa riga ya ce, "Ka gaya wa mahaifiyata ta yafe mini, ban taɓa kiran ta yadda ya kamata gaban mutane ba." Abokin ya ce bai gane nufinsa ba, amma ga amana ya kawo. Sai ya miƙo kwalbar yaji, saura rabi. Mama ta karɓa tana kuka, kuma kukan gaskiya ne, ita ma ta goya shi.

Da suka sauka, Kaka ta ce ba mai gaya wa Gwaggo, don in ta ji za ta bi su titi ta tona mana asiri. Ta ba ni kwalbar in jefa a shara. Na jefa, sannan na buɗe ƙofa. Gwaggo ta fito da ƙurar buhu a mayafinta.

"Ya bar magana?"

Na ce, "A'a."

Ta gyaɗa kai, ta je ta kwashe kofunan da wata maƙwabciya ta ba baƙin gahawa a ciki, ta wanke.

Bayan haka zaman gidan ya gagare ta. Ta fara fita unguwar Kudai tana sayar wa alhazai abinci, har ranar da masu kame suka haɗa da ita, aka mayar da ita Najeriya. Baba bai je ya ce ya san ta ba. Ni kuma kullum sai in ce in na ƙara girma zan buga mata waya in faɗa mata. Shekara uku da tafiyarta aka aiko mana ta rasu.

Yanzu Kaka ma ta rasu, Baba ya tsufa, yaran gidanmu ko Hausa ba sa ji sosai. Hoton Yaya yana falo da kakinsa, baƙi suna nuna shi suna yi wa Mama addu'a a matsayin uwar shahidi. Saƙon da ya mutu yana bayarwa kuwa har yau yana wurina, kuma babu wadda zan ba.